Filastar Magani da Man Tsirrai: Amsoshin Likita

Likita, na ji ana cewa man tsirrai na taimaka wa filastar magani da ake mannawa a fata. Me man yake yi?

Malam, aikin fata shi ne ta tare duk abin da ke son shiga jiki. Samanta matattun ƙwayoyin halitta ne jere kamar tubali, kitse ya cike tsakaninsu kamar laka, kuma ta cikin kitsen nan magani zai ratsa kafin ya kai jini. Shi ya sa tun 1979, da aka amince da filastar magani ta farko a Amurka, ta sikofolamin mai hana jiri da amai a tafiya, magungunan da suka samu shiga filasta ba su da yawa: nikotin na masu son daina shan taba, fentanil mai kashe tsananin ciwo, na tazarar haihuwa da ire-irensu.

Anan man ke shigowa. Mentol na na'a-na'a, yujinol na kanumfari da limonin na ɓawon lemo suna kutsawa cikin kitsen su sassauta shi na ɗan lokaci, sai magani ya samu hanya. Binciken na burge ni ƙwarai, sai dai yawancinsa a ɗakin gwaji ake yi, kan fatar dabbobi ko yankin fatar mutum.

Mahaifiyata na amfani da filastar fentanil saboda ciwon daji. In shafa mata man kanumfari kafin mannawa don ta fi aiki?

Hajiya, Allah Ya ba Mama lafiya, amma don Allah kada ki yi. An auna filastar ne ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan, galibi na awa 72. In maganin ya shiga jini fiye da kima, numfashinta na iya raguwa har ya tsaya. Zallar man kanumfari kuma na ƙona fata, maiƙo na hana filasta kamawa. Ki manna a busasshiyar fata mai tsabta, ba mai ba hoda, ki riƙa sauya wuri. Zafi ma na hanzarta shigar maganin, don haka ban da gasa wurin da ruwan zafi. In ciwon bai lafa ba, ku koma wa likitanta ya sake duba adadin.

Ina da ciwon suga. Man zai sa a yi filastar insulin mu huta da allura?

Baba, insulin ya yi wa wannan hanya girma. Da dalton ake auna nauyin ƙwayar sinadari, kuma abin da ke ratsa fata yawanci bai wuce dalton 500 ba, shi kuwa insulin ya kai wajen 5,800. Masana sun fi karkata ga filasta mai ƙananan allurai da ba a cika jin zafinsu ba, ita ma ana kan gwaji. Ka ci gaba da allurarka yadda aka tsara maka.