Ta ina za a fara horas da malaman insha'i?

Wa alaikumus salam Malama. Kin tambaya ta ina za ki fara horas da malamanki koyar da insha'i da na'ura, alhali makarantarku babu kwamfuta sai wayoyin hannu. Wallahi wayar ta isa a fara.

Abin da ke kashe irin wannan bita shi ne a tara malamai a yi ta zuba musu lacca da majigi, su koma aji babu abin da ya canza. Ki sa su yi rubutun da kansu. Kowa ya saka Hausa a Gboard, wato allon haruffan da ake rubutu da shi a waya, don ƙ, ɗ da ɓ su riƙa fitowa daidai. Sai ya rubuta sakin layi ɗaya a Google Docs, manhajar rubuta takardu, ya tura wa abokin aikinsa ya yi masa sharhi a gefe, ba tare da goge ko harafi ba. A nan malamin da ya saba da jan biro zai koyi tambayar ɗalibi "me kake nufi a nan?" maimakon ya gyara masa komai.

Ki nuna musu yadda ake ajiye takarda a Google Docs ta buɗe ko babu data, don kuɗin data na karya gwiwa. Kuma awa ɗaya duk mako cikin zango ya fi kwana biyu a hutu.