Safar matse ƙafa: a gwada kafin a saka

Tambaya: Likita, barka da aiki. Atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari, a tsaye nake wuni. Da yamma ƙafafuna sukan kumbura su yi nauyi, jijiyoyi sun fito kamar igiya a sha-raɓata, fatar idon sawu ma ta fara duhu. Maƙwabcina ya ce in riƙa ɗaure su tamau da bandeji. Hakan ya dace?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba ka lafiya. Maƙwabcinka ya kama hanya, amma don Allah kar ka ɗaure da kanka.

A cikin jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya akwai 'yan ƙofofi masu hana shi komawa ƙasa. In sun saki, jini sai ya taru a ƙafa, doguwar tsayuwa kuma ta ƙara dagula lamarin. Duhun fatar nan shi ya fi damuna, domin daga nan gyambo kan soma.

Maganin farko safa ce ta musamman, wadda ta fi matsewa a idon sawu, tana sassautawa yayin da take hawa zuwa gwiwa. Haka take tura jini sama. Ɗaurin hannu kuwa yakan shaƙe ƙasan gwiwa ya tare jinin. Ƙarfin safar hawa-hawa ne: 15 zuwa 20 mmHg (ma'aunin ƙarfin matsi ke nan), 20 zuwa 30, har 30 zuwa 40, kuma sai an auna ƙafarka da tef.

Kafin komai, je asibiti, kamar na Malam Aminu Kano, a kwatanta ƙarfin bugun jinin idon sawu da na hannu. In aka raba na idon sawu da na hannu, sakamakon ya gaza 0.8, jinin da ke isa ƙafar bai wadata ba, matsewa na iya kashe nama. Mai ciwon suga ko ciwon zuciya ya fi kowa buƙatar wannan taka-tsantsan.

Saka safar da asuba kafin kumburi ya taso, ka cire in za ka kwanta. Kar ka naɗe bakinta. Na san zafin Afrilu a Kano, amma lokacin ne ƙafa ta fi kumbura, sai ka daure. Man kaɗanya da dare za ka shafa, domin maiƙo na lalata robar safa. Bayan wata 6 takan saki, a canza.

A shago, riƙa ɗage dunduniya kana saukewa, in kasuwa ta lafa ka ɗora ƙafa bisa dilar atamfa.

In ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da ciwo, ko yatsu suka yi sanyi suka canza launi, cire safar ka nufi asibiti a ranar.