Wai mi ya sa aka yanke diramar dattawan nan?

TAMBAYA: Malam barka da aiki, daga Gusau nike. Akwai wata diramar Amurka, Men of a Certain Age, abokai uku 'yan kusan hamsin, wanga na fama da ciwon suga wancan saki da caca, kallo ya yi daɗi sai kawai ta tsaya! Mi ya faru?

AMSA: Alhaji ai tashar TNT ce ta dakatar da ita a 2011 bayan sizin biyu kacal, a 2009 ta fara. Masoyanta sun yi ta ƙorafi, har lambar yabo ta Peabody ta ci fa, amma masu kallo sun yi kaɗan kuma masu talla a can 'yan shekara 18 zuwa 49 suke farauta, dattawa ba a cika lissafi da su ba, ni dai gani nake an yi gaggawa. Babu sizin na uku, kar ka ƙona data wajen nema.