Amsa ga mai tambayar hos nawa na esi zai ishi ɗakinsa

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka, ka ce ɗakin kwananka ƙafa 12 ne bisa 14 a nan Kano, rufin kwano da silin, kai da iyali da yaro ɗaya, mai shago ya ce ka ɗauki hos 2 don ka huta, wani abokinka kuma ya ce hos 1 ma ya isa. Ni dai hos ɗaya da rabi zan ce maka ka saya, kuma bari in faɗa maka dalili don na sha wuyar abin nan da kuɗina.

Wannan hos ɗin da muke cewa suna ne kawai na kasuwa, ainihin awon sanyin yana jikin takardar da aka manna a gefen esin, za ka ga an rubuta BTU. Hos 1 wajen 9,000 ne, ɗaya da rabi 12,000, hos 2 kuma 18,000. Lissafin da nake bi a irin zafinmu shi ne in ninka tsawo da faɗi a ƙafa, abin da ya fito in sake ninka shi da 60. Naka 12 sau 14 ya ba da 168, sau 60 ya kama 10,080. Ka ga tun ba a je ko'ina ba, ɗakinka ya wuce ƙarfin hos 1. In ka leƙa intanet za ka ga ana cewa a ninka da 20, wannan lissafin Amurka ne inda ake cusa abin tare zafi cikin bango da rufi, ba na garin da zafi ke haura 40 a watan Afrilu ba.

Farkon esin da na saya hos 1 ne na sa a falona mai 14 bisa 16, saboda kuɗin da ke hannuna ke nan. Da hunturu lafiya lau har ina yabonsa, amma da bazara ta shigo wallahi daga azahar zuwa bayan isha'i kwamfiresan nan, wato injin da ke haɗa sanyin, ba ya tsayawa ko na minti ɗaya, sai ka tsaya a gabansa sannan ka ji sanyi, wanda ke kan kujerar bakin ƙofa kuwa gumi yake. Tagar falon yamma take kallo, in ka ɗora hannu a bangon nan da ƙarfe tara na dare za ka ji shi da ɗumi kamar an sauke tukunya. Sau biyu ina kiran mai gyara yana ƙara gas a banza, ashe ba gas ba ne, aikin ne ya fi ƙarfinsa. Da na mayar da shi ɗakin yara mai 10 bisa 12 sai ga shi yana aiki tsaf har yau.

To amma kada wannan ya sa ka ce bari in ɗauki babba kawai. Yayana ya sa hos 2 a ɗaki kamar naka, minti kaɗan ɗakin ya yi sanyi esin ya mutu, ya sake tashi, ya sake mutuwa, haka yake yi har gari ya waye. Wannan tashi da mutuwar ita ke gajiyar da kwamfiresa, sannan da damina ba ya daɗewa yana aiki balle ya zuƙe laimar da ke cikin iska, sai ka ji ɗakin da sanyi amma zanin gado kamar bai gama bushewa ba. Ga kuɗin saye, ga wuta, hos 2 yana jan sama da wat 1,500 shi kuwa ɗaya da rabi wajen 1,100 zuwa 1,200 ne, kuma in kana Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, a Afrilun 2024 yunit ɗaya ya haura naira 200, ka lissafa da kanka.

Abin da zai sa in canza magana in ce ka haura zuwa hos 2 shi ne in ɗakin a saman bene yake rana na dukansa ta ko'ina, ko babu ƙofa tsakaninsa da falo, ko silin ɗin ya yi tsayi sosai. Mutane ma suna ƙara zafi, bayan mutum biyu kowane ɗaya ka ƙara masa kamar 600, naka yaro ɗaya ne har yanzu kana ƙasa da 12,000.

In aljihu zai iya ka ɗauki mai inbata, shi yana rage gudu ne maimakon ya mutu, kuma bai cika wahalar da janareta ko sola wajen tashi ba. Ka duba ko an rubuta T3, su aka yi wa ƙasashe masu tsananin zafi. Ka sa a ɗora injin esin na waje a inuwa inda iska ke wucewa, kar a matse shi a lungu, ka toshe ƙasan ƙofa, ka sa labule mai kauri, ragar cikin kuma da ƙurar hunturu ni duk sati biyu nake cirewa in wanke. Ka gaya mana ta wane ɓangare tagarka take kallo, in yamma ce akwai abin da zan ƙara maka kan labulen.