Shawa tana ja na in ina wanka, ya zan yi?

TAMBAYA: Salam Injiniya, dan Allah a taimaka. Sati biyu kenan in na taɓa kan famfon shawa sai in ji wuta ta ɗan ja ni, musamman a yatsan da na yanke, maigida yace shi baya ji wai tsoro ne kawai, yanzu da silifas nake wanka. Hitar ƙaramar nan ce ta bango mai zafafa ruwa nan take.
Wata uwargida daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi ba tsoro bane, kuma silifas ba zai cece ki ba. Yau ɗin nan ki kashe birekar hitar, a koma bokiti, yara ma kar su shiga. Wutar gidajenmu volt 230 ce, jiƙaƙƙen jiki kuma baya tare wuta kamar busasshe, shi yasa inda kika yanke ne ya fara ji.

Toh ga abin da za ku lura da shi kafin mai gyara ya zo, amma da mita za a auna ba da hannu ba dan Allah. In an kashe birekar hitar sai wutar ta ɓace daga famfon, laifin hitar ne, yawanci elemen ɗin, wato ƙarfen da ke zafafa ruwan a cikinta, shi ne ya tsage saboda dattin ruwan bohol da ke daskarewa a jikinsa, ko ruwa ya shiga inda wayoyin suka haɗu. In kuwa an kashe amma tana nan, to daga wani wuri take biyo bututu, sai a riƙa kashe birekokin gida ɗaya bayan ɗaya har a kamo layin, sau da yawa sumon bohol ne ko nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ya saki, kuma a duba ko sai an tada janareto abin ke faruwa don wasu wajen haɗa canjoba suna juya layif, wato wayar da ke kawo wuta, da nutural.

Mai gyaran da zai zo da ƴar testa mai jan fitila kawai, ki sallame shi. A samo mai mega, wato mitar da ke gwada ko wuta na yoyo, ya cire hitar daga layi ya gwada a volt 500, in ta nuna ƙasa da megohm 1 a canza ta.

Abin da yafi damuna shine atin, wato wayar da ke kai wutar da ta yi yoyo zuwa sandan ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Na sha buɗe hita in tarar da wayar atin, kore da rawaya, a naɗe gefe ba a ma ɗaura ta ba, ko a je bayan gida a ga sandan ya yi tsatsa cikin busasshiyar ƙasa. A auna atin, sannan a sa RCD mai 30mA a layin banɗakin, shi ne ke yanke wuta kafin ƙiftawar ido in ta fara bin jikin mutum, bireka ta yau da kullum bata jin wannan ƴar yoyon. Yana da maɓalli mai T, ki riƙa dannawa lokaci-lokaci ki ga ya faɗi.

Ki nuna wa maigida wannan amsar, kar a kunna hitar sai an gama gwajin.