An kore ni bayan hutun haihuwa: in jira amsar kokena ko in shigar da ƙara?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, an daɗe da tabbatar da ni a aiki. Wata biyu da dawowata daga hutun haihuwa aka ba ni takardar tuhuma kan makara. Na amsa, ba a kira ni gaban wani kwamiti ba, sai ga takardar kora. Akwai maza a sashenmu da suka fi ni makara, amma gargaɗi kawai aka yi musu. Na rubuta wa hukumar ma'aikata koke, yau mako uku shiru. In ci gaba da jira ne?

Amsa: Malama, Allah ya raya abin da aka samu, ya kawo miki mafita. Kada ki zauna jira. Abin da ya fi kashe irin wannan ƙara shi ne ƙurewar wa'adi, kuma a mafi yawan dokoki wa'adin yana fara tafiya ne daga ranar da korar ta fara aiki ko ranar da takardar ta zo hannunki. Rubuta koke a cikin gida ba lallai ne ya tsayar da shi ba. Ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka kwana 30 yake da su ya ɗaukaka ƙara a hukumar MSPB mai sauraron ƙarar ma'aikatan tarayya da aka kora ko aka hukunta, kwana 45 kuma ya tuntuɓi jami'in da ke karɓar koken wariya a ma'aikatarsa. A Afirka ta Kudu kwana 30 ne. A Najeriya akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta sa wa'adin wata uku ga mai son kai su ƙara, kuma kotuna sun sha bamban kan ko ta shafi shari'ar aiki, shi ya sa lauya mai lura ba ya barin wata ukun su cika. Wasu hukumomin ma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu, wannan ma yana cin kwanaki. Ki ga lauyan ƙwadago ko sakataren ƙungiyarku cikin makon nan, tambayarki ta farko ta zama: yaushe wa'adina zai cika?

Ƙara biyu ce a hannunki, kowacce da irin hujjarta.

Ta farko kan yadda aka yi korar. Ma'aikacin gwamnati da aka tabbatar, dokar aiki ce take riƙe da shi, ba ra'ayin shugabansa ba. Dole a faɗa masa laifinsa a rubuce, a ba shi lokacin kare kansa, ya san hujjojin da aka dogara da su, kuma wanda doka ta ba ikon kora shi ne zai sa hannu. Ki nemo littafin ƙa'idojin aikinku ki bi shi sashe-sashe. Makara a wane rukunin laifi take? Hukuncinta ya kai kora tun a karon farko? A matakin albashinki, wa ke da ikon korarki, ma'aikatarki ko hukumar ma'aikata? Ya wajaba kwamitin ladabtarwa ya zauna? Tsallake mataki ɗaya na wajibi yakan isa a soke kora, ko da da gaske kin makara.

Ta biyu kan dalilin korar, ita ce ƙarar wariya, kuma ta fi wahalar tabbatarwa, domin babu shugaban da zai rubuta cewa don kin haihu ya kore ki. Yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1958, ta hana bambanci a aiki saboda launin fata, jinsi, addini, ra'ayin siyasa ko asali. Ta 158, ta 1982, ta ambaci juna biyu da hutun haihuwa ƙarara cikin abubuwan da ba sa zama dalilin sallama. Amma alƙali ba ya hukunci da abin da kike ji a ranki, duk gaskiyarsa. Kotun Ƙolin Amurka ta shimfiɗa wani tsari a shari'ar McDonnell Douglas da Green a 1973, wanda zai taimaka miki ki tsara hujjarki ko a ina kike. Ke za ki fara nuna alamun bambanci, ma'aikata ta kawo dalilinta, sannan ki nuna cewa dalilin fakewa ce kawai.

A nan ne mazan da kika ambata suke da muhimmanci, kuma a nan ne mutane suka fi yin sakaci. Cewa "kowa yana makara" ba hujja ba ce. Ana son mutum takamaimai: matakinku ɗaya ko kusa, shugabanku ɗaya, laifinku iri ɗaya, a lokaci ɗaya, amma hukunci ya bambanta. Idan ke kin makara sau 6 a wata, shi sau 9, aka yi masa gargaɗi aka kore ki, sai ma'aikata ta yi bayani. Idan kuwa ke kina da gargaɗi biyu a fayil shi ba shi da ko ɗaya, kwatancen ya yi rauni, gara ki faɗa wa lauyanki tun yanzu da ya ji a bakin lauyansu. Rajistar zuwa aiki ita ce babbar shaida, lauyanki zai nemi a umarci ma'aikatar ta kawo ta. Kada ki sa a ɗauko miki takardun sirri ta bayan fage, hakan kan koma sabon laifi a kanki. Ki haɗa da rahotannin ƙwazonki na shekarun baya. Wadda ake yabo har ta tafi hutu, ta dawo ta zama abar tuhuma cikin wata biyu, jerin ranakun kansa yana magana. Duk wata kalma da aka yi miki kan ciki ko shayarwa, ki rubuta ta yau da ranarta da wanda ya ji.

Ki ambaci wariyar a rubuce tun a takardarki ta farko. Idan kokenki bai faɗe ta ba, ki aika ƙarin bayani, a buga miki hatimin karɓa a kwafinki. Wanda ya taso da maganar bayan shekara, cewa ake yi daga baya ya ƙirƙiro ta. Ki kuma kula da ƙofar da za ki fara bugawa. A Amurka, idan kora ta haɗu da zargin wariya, inda aka fara shigarwa tsakanin MSPB da ofishin koken wariya na ma'aikata nan aka zaɓa. A Najeriya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take jin duka biyun, bisa sashe na 254C na tsarin mulki.

Mu a ganinmu ki haɗa su, kada ki jingina da wariya kaɗai. Saɓa ƙa'ida ce ta fi saurin mayar da mutum bakin aiki da albashinsa na baya, wariya kuma ita ke ƙara diyya: a Afirka ta Kudu har albashin wata 24 maimakon 12, a gwamnatin tarayyar Amurka har dala 300,000. Kafin shari'ar ta ƙare, idan aka kawo miki takardar sasanci ko ta ajiye aiki da kanki, ko aka ce ki zo ki sa hannu ki karɓi haƙƙoƙinki, kada ki sa hannu sai lauyanki ya karanta, domin a irinsu ne ake saka sharaɗin yafe ƙara.