Amsa: Sabon faifan High and Low na Kurosawa

Ka ce kana da tsohon DVD na High and Low, fim ɗin daraktan Japan Akira Kurosawa na 1963, kana tambaya ko ya kamata ka sake kashe kuɗi kan Blu-ray ɗin da kamfanin Criterion ya fitar a 2011. E, malam, ka saya. Kusan rabin farko na fim ɗin a falon Gondo yake gudana, attajirin kamfanin takalma da Toshiro Mifune ya fito a matsayinsa, wanda aka sace ɗan direbansa a Yokohama bisa zaton ɗan Gondo ne. Kurosawa ya ɗauki hoton da faɗi sosai, ya jera mutane daga wannan gefe zuwa wancan: 'yan sanda a rakuɓe, matar gida a tsaye, direba can a lungu kansa a sunkuye yana jiran ya ji ko maigidansa zai biya kuɗin fansa. A tsohon faifai fuskokin na nesa dishi-dishi suke, alhali a fuskar direban nan nauyin labarin yake. Sabon kwafin ya fito da su tar.

Sharaɗi ɗaya dai: duba na'urarka kafin ka tura kuɗi. An raba duniya shiyya-shiyya wajen kallon Blu-ray, kuma faifan Criterion na Amurka an kulle shi ne ga na'urorin shiyyar A, Afirka da Turai kuwa shiyyar B ce. Na taɓa ganin faifai irin wannan ya ƙi buɗewa a na'urar da aka sayo daga Ingila. In taka ba mai karanta kowace shiyya ba ce, ka dakata tukuna.